Tsofaffin Kusheyi da Tarihin Ƙasar Tambuwal da Kebbe



Duk mai nazarin Daular Sakkwato ya san hubbaren Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, da na Abdullahi a Gwandu, da na Muhammadu Bello a Wurno. Waɗannan suna da masu tsaro da masu ziyara. Abin tambaya shi ne, ina makomar kusheyin sauran jama'ar da suka riƙe ribaɗoɗi?

Tambuwal tana cikin garuruwan da suka tsare kudancin Sakkwato a ƙarni na 19. Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna a nan, zuriyarsa kuma ta riƙe Tambuwal da Dogon Daji da Sifawa. Daga gidan nan ne Ibrahim Dasuƙi ya fito, ya zama Sarkin Musulmi a 1988. Ribaɗi kuwa ba ya tsayuwa sai da malamai da mayaƙa da manoma, kuma a nan ƙasa ta rufe su.

Shari'a ba ta son a ƙawata kabari, saboda haka yawancin kusheyinmu ba su da rubutu. Sunan mamaci yana bakin dattawan gari ne kawai. Idan shinge ya faɗi, dabbobi suka mai da wurin burtali, masu gini suka ɗebi ƙasa, mai gona ya matso da iyaka, sa'an nan dattijon ya cika, to, shaidu biyu sun tafi tare.

Doka kaɗai ba ta isa ba. An sa Surame, birnin Kanta, cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi a 1979, amma duk da haka daji ya ci yawancin ganuwarsa. Ina ga maƙabartar da babu sunanta a kowace takarda?

Don haka aiki ya rataya a wuyanmu. Ɗalibi ya je garinsu lokacin hutu, ya zauna gaban dattawa, ya rubuta wanda ke kwance a kowace kushewa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma a Tambuwal ko Kebbe ya sa a auna wurin, a shigar da shi taswira, a kewaye shi tare da yardar hakimi da limamai. Alfarmar mamaci ba ta ƙarewa da rufe shi, kuma mu ma can muka nufa.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.