Dutsen Kamaru Da Mutanen Da Suka Hau Shi

A kudu maso yammacin ƙasar Kamaru, dab da bakin teku, akwai wani dutse wanda babu kamarsa wajen tsawo a duk wannan sashi na Afirka. Tsawonsa mita 4,040 ne, wato wajen ƙafa 13,250. Domin mai karatu ya gane girmansa, sai ya tuna garin Jos, wanda baƙi suke kuka da sanyinsa, yana kan tudu mai tsawon wajen mita 1,200 ne kawai. Chappal Waddi kuma na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Mutanen da suke zaune a gindin Dutsen Kamaru tun kakanni su ne Bakweri, suna kiransa Mongo ma Ndemi, ƙwanƙolinsa kuwa Fako. Ba baƙon wuri ba ne ga Nijeriya, gama tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Turawan Ingila suka haɗa mulkin wannan yanki da na Nijeriya, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961, sa'ad da mutanen kudancin suka zaɓi Kamaru, na arewacin kuma suka zaɓi Nijeriya.

Dutse ne mai aman wuta, kuma har yanzu wutarsa ba ta mutu ba. Amma duk wanda ya bi labarin masu hawansa zai ga ƙishirwa da sanyi ne suka fi mayar da mutane baya. Abin mamaki kuwa, a gindinsa ta wajen yamma akwai ƙauyen Debundscha, inda ruwan sama na shekara guda yakan kai wajen milimita 10,000, kusan ninki goma na abin da Kano take samu. To, ina ruwan yake tafiya? Saman dutsen duk toka ce da ƙonannun duwatsu masu ƙofofi kamar rariya. Ruwa yana zuba sai ya nutse, ba ya fitowa sai can ƙasa. Mutum yana iya jiƙewa sharkaf da hazo da yayyafi, amma ya rasa abin da zai jiƙa maƙogwaronsa.

Baƙo na fari da aka rubuta labarin ƙoƙarinsa shi ne Joseph Merrick, baƙar fata ɗan ƙasar Jamaika, ɗan mishan na Baptis. Ya zauna a Bimbia cikin mutanen Isubu, ya koyi harshensu, ya kafa injin buga littattafai, ya kuma juya waɗansu sassa na Littafi Mai Tsarki zuwa harshen. A 1847 ya tasam ma dutsen. Ya ratsa kurmi har ya fita filin ciyawa da ke bisa, amma ruwansu ya ƙare, sanyi da ƙishi suka kama mutanensa, sai ya juyo da su. Waɗansu littattafai sukan ambaci wannan kamar kasawa ce. Ai shugaban tafiya da ya ga mutanensa sun galabaita ya komo da su gida da rai, bai kasa ba. Merrick bai sake samun zarafi ba, domin ciwo ya kama shi, ya rasu cikin jirgin ruwa a 1849.

A 1858 Sifaniyawa suka hana 'yan mishan na Baptis aiki a tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko. Sai Alfred Saker, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Duala, ya ƙetaro da jama'arsa, ya sami fili daga hannun Sarki William na Bimbia, ya kafa garin Victoria a gindin dutsen. Shi ne garin da aka sāke wa suna Limbe a 1982. Daga nan ne ayarin Disamba 1861 ya tashi. A ciki akwai Saker kansa, da Richard Burton, ƙaramin jakadan Ingila a Fernando Po, da Gustav Mann, Bajamushe masanin itatuwa da tsire-tsire, da wani alƙali Basifaniye mai suna Calvo, da 'yan dako masu yawa. Abin da ya raba tafiyarsu da ta Merrick shi ne wani ɗan idon ruwa a bakin kurmi, inda suka kafa zango. Har wa yau ana kiransa da sunan Mann, ko da yake mafarautan Bakweri sun daɗe suna shan ruwansa kafin a haifi Mann. Baƙo ko da ido makaho ne, amma sau da yawa sunan baƙon ne yakan shiga taswira.

Burton ya kai ƙwanƙoli a ƙarshen wannan wata, sai dai ya biya da tsada. Ya sa takalma masu yi masa yawa, duwatsun nan masu kaifi suka sa ƙafafunsa suka saɓule, ya yi makwanni yana kwance a zango ba ya iya takawa. Ga mutumin da ya shiga Makka a ɓoye, ya ratsa gabashin Afirka har Tafkin Tanganyika, amma takalmi ya kwantar da shi. Da ya sauko ya rubuta littafi a 1863, yana ba da shawara a gina wurin hutawa a kan dutsen saboda Turawan da zazzaɓi yake kashewa a bakin teku.

Shawarar nan ta sanyin iska ita ce ta jawo wa Bakweri wahala daga baya. Jamusawa sun karɓi Kamaru a 1884. A 1891 suka aika da mayaƙa Buea, amma mutanen garin a ƙarƙashin shugabansu Kuva Likenye suka tare su, suka kashe hafsansu Gravenreuth, sauran suka ja da baya. A 1894 Jamusawa suka komo da shiri mai ƙarfi, suka ci garin. Suka ƙwace ƙasa mai albarka da ke gindin dutsen, suka mai da ita manyan gandaye na koko da roba da kwakwar manja, suka matse masu ƙasar cikin 'yan ƙananan filaye. Maganar wannan ƙasa ba ta mutu ba a bakin Bakweri har yau. A 1901 Gwamna Puttkamer ya mai da hedkwatar mulki Buea, ya gina gidansa na ƙasaita. Shekara takwas bayan haka, a 1909, ƙasa ta yi ta girgiza, dutsen ya yi aman wuta, ma'aikatan gwamnati suka kwashe takardunsu suka gudu Duala.

A tsakanin waɗannan shekaru ne, cikin Satumba 1895, wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Kingsley ta hau. Lokacin damina ne, wanda babu mai hankalin da zai zaɓa. Ruwa ya yi ta dukansu, mutanenta suka riƙa tsayawa a hanya saboda ɗari, a wani zango kuma ta tarar ba su da ruwan sha, sai da ta aika aka ɗebo daga ƙasa. Da ta kai bisa, iska da hazo suka rufe ko'ina, ba ta ga komai ba. Ta ajiye 'yar takarda mai sunanta cikin duwatsu ta sauko. Ƙarfin halinta abin yabo ne, amma ba abin koyi ba ne.

Wutar kuma ta ci gaba da fitowa lokaci lokaci. A 1922 narkakken dutse ya malala ta yamma, ya cinye gonaki har ya shiga teku. Ya sāke yi a 1954, 1959 da 1982. A ƙarshen Maris 1999 ya fashe ta kudu, wutar ta gangaro a hankali cikin kurmi har makwanni, aka kwashe mutanen ƙauyen Bakingili, ta datse hanyar mota da ta tashi daga Limbe zuwa Idenau, sa'an nan ta tsaya kafin ta kai teku. A 2000 ya ƙara yi. A al'adar Bakweri, dutsen yana da mai tsaronsa, Efasa Moto, rabinsa mutum rabinsa dutse, kuma an ce yakan bar baƙo ya ci abin da ya samu a dutsen, amma kada ya ɗauka ya tafi da shi gida. Kirista ba zai yi masa hadaya ba. Duk da haka dokar nan ta hana kwasa ta yi daidai da abin da ma'aikatan gandun daji suke roƙon mutane yanzu.

Gama dajin yana da dukiya. A kurmin akwai giwaye, irin ƙananan nan na kurmi, da birai iri iri, da gada, da wata fakara wadda ba a samunta ko'ina a duniya sai a wannan dutse. Akwai kuma wani itace da ake sassaƙar ɓawonsa a kai Turai domin maganin ciwon fitsari na dattawa, an yi ta sassaƙa ba ji ba gani har itatuwa da yawa suka bushe. Tarko da bindiga da wutar da mafarauta suke sa wa ciyawa da rani sun rage namun ƙwarai. Saboda haka a 2009 gwamnatin Kamaru ta keɓe wajen hekta 58,000 ta mai da shi gandun daji na ƙasa, aka kuma ɗauki waɗansu tsofaffin mafarauta suka zama 'yan jagora da 'yan dako.

Mai hawa ta hanyar Buea yakan bi zango uku, a kowanne akwai ɗakin kwana. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: daga gari ƙwanƙolin yakan yi kamar kusa, amma yawancin mutane sukan yi kwana biyu ko uku kafin su je su komo. Kowane mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6, har wanda ya tashi yana gumi ya kwana inda ruwa yake daskarewa. Iska kuma takan yi ƙaranci, ta kawo ciwon kai da jiri da amai, maganin wannan kuwa shi ne a sauko. Ana hawa da rani ne, da ɗan jagora, kowa da ruwansa a baya.

Wannan hanya ce 'yan tsere suke bi da gudu. An fara tseren a 1973, daga Buea zuwa ƙwanƙoli a komo, wajen kilomita 38, gwanaye sukan gama cikin sa'a huɗu da rabi. Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, ta ci na mata sau bakwai, har ana ce da ita sarauniyar dutse. Rikicin da ya tashi a yankin masu magana da Ingilishi tun 2016 ya taɓa tseren: a Fabrairu 2023 waɗansu abubuwa suka fashe a kan hanyar, mutane da dama suka ji rauni. A 2024 kuma wani ɗan tsere daga Kenya ya faɗi bayan ya sauko, ya rasu.