Amsoshin Tambayoyinku: Landiroba da Masu Walda

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Damaga, cikin ƙaramar hukumar Maradun, ya ce tun yana yaro yake ganin ana kai Landiroba wajen mai walda a ƙara mata ƙarfe a aksil ɗin gaba. Yana son ya san ko daga kamfani dabarar ta fito, kuma ko ba ta cutar da mota.

AMSA: To malam, ita dai wannan mota da walda aka haife ta. Kamfanin Rover na Ingila ne ya fito da ita a 1948, bayan wani injiniyansa, Maurice Wilks, ya ga amfanin Jeep ɗin sojan Amurka a gonarsa. Lokacin an fito daga Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarfe sai da izinin gwamnati, kuma babu kuɗin sayen manyan injunan matse shi. Sai suka yi jikin motar da alminiyon, shasi kuwa suka riƙa yanka fallen ƙarfe huɗu suna haɗawa da walda kamar akwati. Ka ga ke nan rashi ne ya koya musu.

A nan gida tun zamanin En'e ta shigo, hannun su Di'o da malaman gona da na asibiti, daga baya ta koma motar kasuwa. A ƙarshen shekarun 1970 har harhaɗa ta ake yi a kamfanin Leyland na Ibadan. A daidai lokacin ne kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar Bakolori, a 1978, aikin da ya tara manyan injuna da kanikawa da masu walda a gefen Talatar Mafara.

Abin da ya sauya al'amari shi ne 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi. Kayan gyara suka yi tsadar da mai mota ɗaya ba ya iya saye. Aksil ɗin da a da za a jefar a sa sabo, sai a miƙe shi a ɗaure.

Me ke lanƙwasa shi? Landiroba doguwa ta yau da kullum, kayan da aka ƙayyade mata bai kai tan ɗaya ba. Buhu goma na gero mai kilo 100 sun riga sun wuce ƙa'ida, balle a ɗora fasinja bisa kai ranar kasuwar Talata, ga damina ta cinye hanya. Inji yana zaune kan aksil ɗin gaba, kuma shi ke fara faɗawa rami. In ka ga taya tana cinyewa ta gefen ciki, ko man giya na tsiyaya, to ka sa a duba. Kamfanin ma ya san da haka, don motocin soja da na manyan kaya ya sa musu aksil mai ƙarin ƙarfi. Wato tunanin ba baƙo ba ne, aikin hannun ne namu.

Batun cutarwa kuwa, yana ga mai walda. Ƙarfe in ya sha wuta yakan buɗe, in ya huce ya tsuke, ya jawo kansa wajen da aka yi waldar. Wanda ya ja wuta tiryan-tiryan daga wannan kai zuwa wancan, da hannunsa zai lanƙwasa abin da aka kawo masa ya ƙarfafa. Gwani sai ya sauke aksil, ya tsiyaye mai, ya zare shaf da boris da robobi, ya tabbatar a miƙe yake. Sannan ya riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan, nan da can, yana barin ƙarfen ya huce da kansa. Kada ka yarda a watsa masa ruwa don wai kana sauri. Sandunan sitiyari kuma ba a yi musu walda, in sun tsage canjawa ake yi, domin ran mutane ke kansu.

Wani abu da direbobi ba su son ji: in aksil ya daina lanƙwasa, nauyin bai tafi ko'ina ba, sifirin ko shasi zai koma wa.

Kamfanin ya daina ƙera tsohon samfurin a 1985, magajiyarsa Defender ta asali kuma a Janairun 2016. Yau ba kasafai za ka gan ta a tasha ba, Hilux da babura sun karɓe hanyar. Da fatan malam ya gamsu.