Bazara a Kudancin Katsina: Tarihin Jiran Ruwan Shuka

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, iska kan sauya a Mabai da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Busasshen zafin rani yakan koma zafi mai nauyi, gumi ya ƙi bushewa a jiki, da la'asar kuma hadari ya haɗo daga gabas. Iska mai laima ce ke tasowa daga Tekun Atalantika tana tura iskar Sahara arewa. Inda suka yi karo nan ake samun tsawa da guguwa, wani lokaci da ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani lokaci da ƙura kawai.

A wannan rashin tabbas ne manomin yankin ya daɗe yana yanke hukuncin da ya fi kowane nauyi a shekara. In ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, ko ya bi ruwan farko ya yi shuka, zai iya riga kowa cin sabon gero. In ruwan ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, irin ya tafi, ga rumbu ya kusa ƙarewa. Shi ya sa magabata suke ajiye irin shuka na biyu, suke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya.

Mulkin mallaka ya rage wannan tanadi. Harajin kuɗi ya tilasta wa magidanta sayar da hatsi tun da kaka. Da damina ta gaza a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta yi tsanani a bazarar 1914, jama'a suka yi ta kwarara kudu neman abinci. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya ratsa Funtua zuwa Gusau, auduga ta ƙara samun fili a gonakin kudancin Katsina. Yunwar 'Yar Gusau ta 1942 da farin 1972 zuwa 1974 sun sake nuna cewa gidan da ya shiga bazara ba hatsi ba iri shi ne ke fara faɗuwa.

Yau hukumar NiMet tana fitar da hasashen ranar saukar damina kowace shekara, abin da kakanni suke nema a taurari da alkiblar iska. Sai dai hasashe ba ya amfani ga wanda bai isa gonarsa ba. A shekarun nan hare-haren 'yan bindiga sun hana ƙauyuka da dama na Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara sharar gona da kai taki a kan lokaci, alhali kwanakin da ke tsakanin ruwan shuka da rufewar lokacinsa ƙalilan ne. Wanda ya rasa su ya rasa shekarar.