Nazarin Teku A Matakin Babban Digiri: Ma'anarsa, Cibiyoyinsa A Najeriya Da Alaƙarsa Da Ƙasar Bangi

Garin Bangi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Mariga a masarautar Kontagora ta Jihar Neja, yana da tazarar fiye da kilomita 500 daga gaɓar teku. Akasarin mazaunansa manoma ne da makiyaya, kuma da yawansu ba su taɓa ganin teku da ido ba. Duk da haka, ruwan saman da ke raya masara da dawa da gyaɗa a gonakinsu daga Tekun Atlantika iska ke ɗauko shi, sannan shimfiɗaɗɗun duwatsun da suka faro daga wajen Kontagora suka nufi kudu suna ɗauke da alamun tekun da ya taɓa malalowa cikin wannan yanki. Saboda haka ilimin nazarin teku, wanda ake zurfafa shi a matakin digiri na biyu da na digirgir, ya shafi mutanen tudu kamar yadda ya shafi na bakin ruwa.

Mene ne ilimin nazarin teku

Ilimin nazarin teku fanni ne da ke binciken ruwan teku da halittun cikinsa da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Teku ya mamaye kimanin kashi 71 cikin 100 na doron duniya, matsakaicin zurfinsa ya kai kusan mita 3,700, kuma a kowane kilo guda na ruwansa akwai gishiri kimanin giram 35. Masana kan ɗauki balaguron jirgin ruwan Ingila mai suna Challenger, daga 1872 zuwa 1876, a matsayin mafarin wannan ilimi a sigarsa ta zamani. Har yau, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal na ƙarƙashin teku aka zana taswirarsa dalla-dalla.

An raba fannin gida huɗu. Na farko yana duba motsin ruwa: igiyoyi da raƙuman ruwa da zafi da sanyinsa. Na biyu yana auna sinadaran da ke narke a ciki. Na uku yana nazarin halittu, daga ƙananan da ba a gani sai da madubin ƙara girma zuwa manyan kifaye. Na huɗu shi ne nazarin ƙasa da duwatsun ƙarƙashin teku, wanda ya haɗa da duwatsun da suka kwanta a cikin ruwa a zamanin da, amma yau suke kan tudu. Wannan reshe na huɗu ne ya fi kusa da Arewacin Najeriya.

Tekun da ya taɓa ratsa Arewa

Ƙasar Bangi na zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu tauri waɗanda suka samu siffarsu ta ƙarshe kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce. Amma daga wajen Kontagora zuwa bayan Lokoja akwai wani dogon kwari da masana ke kira Kwarin Bida ko Kwarin Nufe, wanda yashi da laka da tama suka cika a tsakanin shekaru miliyan 83 zuwa 66 da suka gabata. An raɗa wa shimfiɗun duwatsunsa sunayen garuruwan da aka fi ganinsu: Bida da Sakpe da Enagi da Batati a arewacin kwarin, sai Lokoja da Patti da Agbaja a kudancinsa. Wasu shimfiɗun koguna ne suka ajiye su, wasu kuma suna nuna tasirin ruwan teku marar zurfi.

A arewa maso yamma kuwa akwai Kwarin Sakkwato, ɓangare na babban kwarin da ya miƙe zuwa Nijar da Mali. A ƙarshen zamanin manyan ƙadangarun da suka ɓace, da kuma bayansa kaɗan, wani siririn teku ya ratso Sahara daga arewa ya lulluɓe wannan yanki. Shaidar hakan tana cikin duwatsun Dukamaje da Dange da Kalambaina, inda ake samun haƙoran kifaye da ƙasusuwan kunkuru da kada da ɓawon halittun ruwa. A 1930 masanin Ingila W. E. Swinton ya yi bayanin ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku daga ƙasar Sakkwato, kuma a 1972 masu bincike daga Italiya suka sa wa jinsin suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo. Farar ƙasar Kalambaina da masana'antar siminti ta Sakkwato ke haƙa tun shekarun 1960, ita ma ajiyar wancan teku ce.

Wannan tarihi yana da tasiri a kan tattalin arziki. Man fetur da iskar gas kan samu ne daga ragowar halittun da suka binne cikin laka na miliyoyin shekaru. Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa asusun neman mai a kwarurrukan cikin ƙasa, waɗanda suka haɗa da na Bida da Sakkwato da Chadi da Binuwai. Kafin a kashe maƙudan kuɗi wajen haƙa rijiya, wajibi ne a san kaurin shimfiɗun, da yawan ragowar halittu a cikinsu, da ko zafin ƙasa ya isa ya mai da su mai. Irin waɗannan tambayoyi ne ɗaliban babban digiri ke amsawa a kundayen bincikensu.

Teku da damina

A ƙasar Kontagora, damina kan faro daga wajen Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba. Idan bazara ta yi, ƙasar Sahara kan ɗauki zafi fiye da teku, sai iska mai danshi ta taso daga Mashigin Tekun Gini ta nufo arewa maso gabas. Inda ta yi karo da busasshiyar iskar hamada, kudu da nan hadari ke haɗuwa. Nisan da wannan iska za ta iya kutsawa cikin ƙasa ya danganta ƙwarai da zafin saman teku. A shekarun da ruwan Mashigin Gini ya fi ɗumi, ruwan sama kan daɗe a bakin gaɓa, arewa ta samu ƙaranci. Idan kuwa arewacin Atlantika ya fi kudancinsa ɗumi, damina kan yi albarka a yankin Sahel. Ɗumamar gabashin Tekun Fasifik, wadda ake kira El Nino, ita ma takan rage ruwan yankin.

Farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, waɗanda suka halaka dabbobi suka tarwatsa iyalai daga Maraɗi zuwa Katsina da Sakkwato, su ne suka zaburar da wannan bincike. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Birtaniya suka wallafa nazarin da ya danganta ruwan Sahel da zafin tekunan duniya, kuma a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ƙarfafa wannan sakamako. Tun 1997 ƙasashen Birazil da Faransa da Amurka ke kula da jerin na'urorin awo da aka ɗaure wuri guda a saman ruwa a tsakiyar Atlantika, ƙarƙashin shirin PIRATA. Akwai kuma na'urorin Argo kusan 4,000 da ke nutsewa zuwa zurfin mita 2,000 su taso duk kwana 10 su aika da bayanai ta tauraron ɗan'adam. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara yana la'akari da yanayin zafin teku, kuma hasashen ne ke nuna wa manomi lokacin shuka da irin da ya dace da tsawon damina.

Ruwan kuma yakan koma inda ya fito. Kogin Mariga na zuba a Kogin Kaduna, Kaduna ya shiga Neja, Neja ya haɗu da Binuwai a Lokoja, su gangara tare zuwa Atlantika ɗauke da ƙasar da zaizaya ta kwashe daga gonaki.

Inda ake karatu da bincike

Babbar cibiyar gwamnatin tarayya a wannan fanni ita ce Cibiyar Nazarin Teku da Albarkatun Ruwa ta Najeriya, NIOMR, da aka kafa a 1975 a Tsibirin Biktoriya da ke Legas, wadda ke da jirgin bincike mai suna Bayagbona. Jami'ar Kalaba na da Cibiyar Nazarin Teku, Jami'ar Legas na da sashen kimiyyar teku, haka ma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure.

A Jihar Neja, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai suna koyar da ilimin ƙasa da duwatsu, kuma Kwarin Bida na cikin manyan filayen bincikensu. A Sabuwar Busa akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwa Mai Daɗi ta Ƙasa, wadda ta samo asali daga shirin nazarin Tafkin Kainji bayan kammala madatsar a 1968. Shirin WASCAL, wanda Jamus ke tallafawa, yana da cibiyoyin horar da ɗaliban babban digiri a Minna da Akure, sannan yana da digiri na biyu kan sauyin yanayi da kimiyyar teku a ƙasar Kef Bade.

Hanyar shiga da yadda aikin yake

Mai neman gurbi yana buƙatar digirin farko a fanni irin su ilimin ƙasa, fiziya, kimiyyar sinadarai, nazarin halittu, lissafi ko nazarin yanayi. Digiri na biyu kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, na digirgir kuma shekaru uku zuwa sama, kuma ba a kammalawa sai an kare kundin bincike a gaban masu jarrabawa. Aikin ya haɗa da fita fili don ɗebo samfurin dutse ko laka ko ruwa, da auna su a ɗakin gwaje-gwaje, da sarrafa alƙaluma a kwamfuta. Da yake bayanan Argo da PIRATA a buɗe suke kyauta ta intanet, ɗalibi a Minna ko Zariya na iya nazarin Mashigin Gini ba tare da ya hau jirgin ruwa ba. Asusun TETFund na ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantun gwamnati, yayin da PTDF ke ba da tallafi a fannonin da suka shafi mai da gas.

Abin da ke gaban ƙasa

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, kuma Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku ta 1982 ta ba ta ikon cin albarkatun ruwa har nisan mil 200 na ruwa. A 2023 kwamitin Majalisar mai kula da iyakokin ƙarƙashin teku ya amince da ƙarin kimanin murabba'in kilomita 16,300 ga Najeriya, bisa hujjojin awo da masana ilimin ƙasa suka gabatar. A watan Agustan shekarar aka kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na kimiyyar teku.

Manyan matsalolin fannin su ne tsadar tafiyar da jirgin bincike da ƙarancin na'urorin awo na zamani a jami'o'i, abin da kan tilasta tura samfura ƙasashen waje. Amma matakin farko yana makarantun sakandare na garuruwa irin su Bangi: ɗalibin da bai samu malamin lissafi da fiziya da kimiyyar sinadarai ba, da wuya ya samu gurbin digirin farko a waɗannan fannoni, balle ya kai matakin bincike.