Garuruwan Da Baƙi Suka Kafa: Sifawa Da Bodinga Da Shagari

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma tarihi ya nuna sau da yawa wanda ya bar gida ya kan kafa wani, har gidan baya ya zo ya fi na fari suna. A ƙasar Barazil akwai wani birni, Kashiyas do Sul, wanda manoma 'yan ƙasar Italiya suka soma sarar dajinsa cikin 1875. Jikokinsu suna riƙe da kayan aikin kakanninsu, sun tara su a gidan ajiye kayan tarihi, baƙi suna zuwa kallo daga nesa. To, a ƙasar Sakkwato ma akwai garuruwa waɗanda masu ƙaura suka raya, labarinsu kuwa ya girmi na wancan birni. Uku daga cikinsu suna kudu da Sakkwato, ta wajen hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega, watau Sifawa da Bodinga da Shagari.

Asalin abin ƙaura ce bisa ƙaura. Kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Toronkawa, daga Futa Toro suka taso, can ƙasar Sanigal, suka zauna a Ƙwanni. An haifi Shehu a Maratta cikin 1754, ya girma a Ɗagel, ya yi ta karantarwa da wa'azi. Da zama ya gagara tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa, sai ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, jama'a suka bi shi. A wannan shekara aka yi yaƙin Tafkin Kwatto. Daga nan Jama'a ba su sami wurin zama tabbatacce ba, yunwa da ciwo da yaƙi suka ci mutane masu yawa, sai da suka sauka Gwandu cikin 1805. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi cikin 1808. Bayan shekara guda Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya soma gina Sakkwato.

Da ƙura ta lafa, Shehu ya tashi daga Gwandu ya koma Sifawa, wajen 1810. Wanda ya dubi inda garin ya ke zai gane hikimar zaɓensa: yana tsakanin Gwandu da Sakkwato, ga shi kusa da Yabo, ƙasar Muhammadu Moyijo, wanda ya taimaki Jama'a tun farkon jihadi. Shehu bai zauna Sifawa don sarauta ba. Karatu ya koma wa, da rubutun littattafai, da amsa tambayoyin da a ke aiko masa daga ƙasashe. Malamai da almajirai suka taru, ƙaramin wuri ya zama gari. Cikin 1812 ya raba aikin mulki biyu, ya ba ƙanensa Malam Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Bello gabas. Wannan rabo shi ne tushen sarautar Gwandu da ta Sakkwato. A shekarar nan kuma Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, littafin da masu tarihin jihadi su ke dogara da shi har yau.

Bodinga kuwa, Malam Abdullahi ne ya raya ta, ya zauna cikinta don ya kasance kusa da wansa kuma malaminsa. Shi mutum ne wanda mulki bai rufe wa ido ba. Tun cikin 1807, da ya ga waɗansu mayaƙa sun karkata ga dukiya da neman girma, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don ya nuna musu yadda a ke mulki bisa shari'a, sa'an nan ya komo. A zamanin da ya ke zaune Bodinga ya tattara waƙoƙinsa na Larabci cikin Tazyinul Waraƙati, cikin 1813, ya haɗa da labarin yaƙe-yaƙen da ya halarta. A shekarun nan kuma ya yi aikin babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, wanda malamai su ke karantawa a masallatai da watan azumi.

Shehu ya koma Sakkwato cikin 1815, ya rasu a can cikin watan Afrilu na 1817, aka rufe shi a inda a ke kira Hubbare. Masu tarihi sun ce labarin rasuwar ya iske Malam Abdullahi a Bodinga. Ya hau ya zo, ya tarar an rufe ƙofar birni, an kuwa riga an yi wa Bello mubaya'a. Sai ya juya, ya tafi Gwandu. Lokacin nan daular tana cikin haɗari ƙwarai, gama tawaye ya tashi ta ko'ina, har Abdussalami, wanda ya yi hijira tare da Jama'a, ya juya musu baya a Kware. Da baffa da ɗa sun ja daga da juna, da abin da aka gina ya rushe tun yana ɗanye. Amma da 'yan tawaye suka tsananta wa Abdullahi a Kalambaina, Bello ya ɗauki runduna ya kai masa gudummawa. Bayan nasara suka sadu, Abdullahi ya yi wa ɗan wansa mubaya'a, zumunci ya komo. Mai zuwa Bodinga ya kamata ya tuna daga nan ne wannan malami ya tashi ran da aka jarraba haƙurinsa, bai kuwa zare takobi don neman sarauta ba.

Idan aka wuce Bodinga aka daɗa yin kudu, sai Shagari. Fulani ne suka kafa ta a zamanin daular Sakkwato, shugabansu Ahmadu Rufa'i, zuriyarsa su ke riƙe da sarautar Magajin Shagari. A gidan nan aka haifi Alhaji Shehu Shagari cikin 1925. Ya yi elementare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, ya wuce kwalejin Kaduna, ya zama malamin makaranta. Shi ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu. An zaɓe shi Majalisar Wakilai cikin 1954, ya zama Turakin Sakkwato, sa'an nan ya zama shugaban ƙasa ran 1 ga Oktoba 1979, har soja suka karɓe mulki a ƙarshen Disamba 1983. Ya rasu ran 28 ga Disamba 2018, aka kawo shi garinsu aka rufe. Yau Shagari da Bodinga kowacce hedkwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, Sifawa tana cikin ta Bodinga, Gwandu kuwa ta koma Jihar Kabi tun 1991.

To, me mai ziyara zai gani? Kada ya sa ran dogayen benaye, gama mutanen nan da ƙasa suka yi gini, damina kuwa ba ta raga wa ginin ƙasa. Abin da ya dace shi ne ya fara gai da hakimi ko dagaci, ya roƙi a haɗa shi da dattijon da zai nuna masa inda Shehu ya zauna, da inda ya yi salla, da inda Malam Abdullahi ya karantar. Ya shiga da ladabi, kada ya ɗauki kome, kada ya ɓata kome.

Akwai kuwa aiki a kan waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suka iya karatu da rubutu. Dattawan da suka san wuraren nan suna ƙarewa, duk wanda ya rasu ya tafi da abin da ke cikin kansa. Littattafan da ke cikin gafakoki gara tana ci. Wanda ya je ziyara ya tafi da takarda da fensir, ya rubuta sunan wuri da abin da aka gaya masa da ranar da ya ji, ya karanta wa 'ya'yansa. Mutanen da suka kafa garuruwan nan da alƙalami suka tsare labarinsu, da alƙalami kuma jikokinsu za su tsare saura. Allah ya jiƙan magabata, amin.