Akwatin Baba da fayafayai 63

Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu, Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wani ɗan makulli, ta nuna akwatin ƙarfen da ya shekara talatin ƙarƙashin gado. Na ɗauka takardun gona zan tarar. Da na ɗage tsofaffin zannuwan da ke sama, sai ga ƙananan fayafayan garmaho jere a tsaye, guda 63, wasu gara ta ci takardar da aka sa su ciki. Kowane ɗaya da sunan Baba a jiki, da biro, wasu har da shekarar da ya saye su.

Ni Baban da na sani Alhaji ne mai kashe rediyo da zarar an gama labaru an saki kiɗa. Na ce, "Inna, waɗannan na wa ne?" Ta yi murmushi ta ce, "Na babanku ne. Ai ba da furfura aka haife shi ba."

Shekara ashirin ke nan ina koyar da tarihi, amma ran nan na gane ban san tarihin gidanmu ba. Shi ya sa na bi sawun waɗannan fayafayai, kuma ga abin da na samo.

Tun daga sunan akwai darasi. Da Bahaushe ya ga wannan abu mai faɗi, kewayayye, bai je neman suna nesa ba, ya ba shi sunan faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi. Na'urar kuwa ta zama garmaho. Thomas Edison ne ya fara kama murya a na'ura a 1877 a Amurka, amma nasa a jikin wani abu mai kamar gwangwani ake ɗauka. Emile Berliner ne ya kawo faifai shimfiɗaɗɗe a 1887. Dabarar ba ta canja ba har yau: ana zana wani siririn layi mai lanƙwashe-lanƙwashe da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya, allura ta bi shi tana rawa, rawar nan ita ake mayarwa sauti.

Fayafayan farko suna juyi sau 78 a minti, ga nauyi, ga saurin fashewa kamar tangaran. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai na roba mai juyi 33 da ɗan ɗoriya, wanda ke ɗaukar waƙoƙi da yawa. A 1949 abokin gasarsa RCA Victor ya mayar da martani da ƙarami: faɗinsa santimita 17 da rabi, da babban rami a tsakiya, yana juyi sau 45 a minti. Waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kowace kamar minti uku. Shi ne wanda iyayenmu masu lakwal ke kira "45 tours". Araharsa da rashin nauyinsa suka sa ya zama faifan samari. Yaro ba ya iya sayen babba, amma yana iya tara kuɗin ƙarami ya soke shi cikin jaka.

Da na baje na Baba bisa tabarma, sai na ga taswira. Kashi na farko daga Faransa: Johnny Hallyday, Sylvie Vartan, da Françoise Hardy wadda ta yi suna a 1962. Waɗannan su ne mawaƙan shirin "Salut les copains" na gidan rediyon Europe 1. Kashi na biyu daga Kwango: Franco da ƙungiyarsa OK Jazz da aka kafa a 1956, da Grand Kallé wanda ya yi "Indépendance Cha Cha" a 1960 a Brussels, daidai lokacin da ake zaman tattauna ƴancin ƙasarsu. Akwai na Gine masu tambarin giwa na kamfanin gwamnati Syliphone, da kiɗan Bembeya Jazz. Akwai Poly-Rythmo na Kwatano. Akwai James Brown guda huɗu, waɗanda suka fi kowane cinyewa, alamar su aka fi sakawa.

Ta ina suka iso Maraɗi? Wani aminin Baba, wanda suka yi aikin awon gyaɗa tare, ya ba ni amsa. Ya ce wasu direbobin manyan motoci ke kawowa daga Kano ta Katsina da Jibiya. Wasu suna hawa jirgin ƙasa daga Kwatano zuwa Paraku, daga nan mota ta kawo su Gaya. Wasu kuma ƴan ci-rani ke dawowa da su daga Abijan da Kumasi, ko ɗalibai daga Dakar. Wato hanyar da gyaɗa ke bi ta fita, ita kiɗa ke bi ya shigo. Ya ce mutum guda ne a unguwarsu ke da Teppaz, ƴar na'urar nan mai kamar akwati da ake ƙerawa a Lyon. Ranar Asabar da dare kowa ya zo da fayafayansa. Dalilin rubuta suna ke nan, don kada na wani ya bi wani gida.

Akwai guda ɗaya da nake ba ɗalibaina labarinsa kowace shekara yanzu. A 1972 Kamaru ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka karo na takwas. Manu Dibango ya yi waƙar gasar, aka buga ta a gaban faifai. Baya kuwa ya cike shi da wani kiɗa mai suna "Soul Makossa". Kwango Brazzaville ta fitar da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe, waƙar gaba ta mutu tare da gasar. Ta bayan sai ta tsallaka teku, wani mai saka faifai a wurin rawa a New York ya tsince ta, gidan rediyo ya ɗauka, a 1973 ta shiga jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. A 1982 Michael Jackson ya ɗebi wani yanki nata ya sa a faifansa Thriller, abin da ya kai su ga shari'a, daga baya aka sasanta. Nakan ce wa yara: kada ku raina wanda aka ajiye a baya. Kuma ku duba wa ya ara daga wa.

Shekara ta ƙarshe da Baba ya rubuta ita ce 1975. Ba mamaki. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, aljihun ƴan awo ya bushe. Ga kuma kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar tun 1963, ya fara cika kasuwanninmu. Kaset ba ya tsalle in mota ta faɗa rami, kuma kowa na iya kwafarsa. Faifai ya koma murfin tulu da abin wasan yara. Ni kaina na tuna muna wurga irinsu sama a bayan gari, ba mu san abin da muke fasawa ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, cikin 63 ɗin nan babu ko ɗaya da aka buga a Nijar. Muryoyin mawaƙanmu na wancan zamani galibi a zaren gidan rediyon ƙasa aka ɗauke su, daga baya a kaset, kuma zare ba ya jure zafi da ƙura. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na ogan a 1978, ya fito a kaset kaɗan ƙwarai. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi, a kan faifai. Haka kamfanin Analog Africa na Jamus ya farfaɗo da tsofaffin kiɗan Poly-Rythmo. Sun yi aikin da ya kamata a gode musu. Amma tambayar tana nan: me ya sa sai baƙo ya ɗaga kayanmu muke ganin darajarsu?

Tambayar ta iso har gidanmu. Wani dillali ya ji labari, ya zo ya taya akwatin duka jika hamsin. Yayana ya ce, "Malam, a sayar a yi masa sadaka da kuɗin. Mutumin da ya tuba ya bar abu, don me za mu tone?" Maganarsa tana da nauyi, na kwana biyu ina juya ta. Na koma wurin Inna. Ta ce, "Da yana son a zubar, da ya zubar da hannunsa. Sau uku muna ƙaura, kowane karo shi ke ɗaukar akwatin nan da kansa." Na biya yayyena da ƙannena rabonsu daga albashina, aka yi sadakar, akwati ya zauna. Tun daga nan na ƙara guda 19 da na samo wurin tsofaffi a Damagaram da Tawa.

Ƴan uwana malamai, faifai takardar tarihi ce da ake iya riƙewa a hannu. Ko babu na'ura, ku ba yara su karanta tambarin tsakiya: sunan mawaƙi, kamfani, ƙasar da aka buga shi. Su nemo wuraren a taswira, su zana hanyar da ya biyo. Na gwada a ajina, yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba su suka fi tambaya. Aikin gida kuma shi ne kowa ya tambayi kakansa abin da yake saurare yana saurayi.

Iyaye kuwa, in kun tarar da irinsu a gida, ku jera su a tsaye, kada ku ɗora wani kan wani. Ku nisanta su da rana da ɗakin kwano mai zafi, don roba ce, tana lanƙwashewa. A riƙe su ta baki, a wanke da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu ba tare da jiƙa tambarin ba, a goge da ƙyalle mai laushi. In za ku sayar, ku fara rubuta abin da ke jikin kowane, ku ɗauki hotonsa. Kafin komai, ku zauna da tsohon da ya san labarinsu tun yana raye. Ni na makara da Baba.

Watan jiya wani mai gyaran rediyo ya tayar mini da wata tsohuwar na'ura. Na sa faifan Franco, allura ta yi ƙaraf-ƙaraf, jita ta shigo. Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta dakata, ta ce, "Wannan ne aka sa ranar da aka kawo ni gidan nan." Ƴata ƴar shekara goma sha biyu ta matso kusa da ita ta ce, "Kaka, ba ni labari." Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu riƙe abin da suka bari.