Malfar Jaji

Masu cewa tun fil'azal mace ba ta da hurumi a fagen karantarwa sun manta da Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Ita ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata. Takan zaɓi dattijuwa ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, hular da a da aka san Innar Gobir, uwar bori, da ita. Jaji kan taka ƙauye-ƙauye tana koyar da mata waƙoƙin wa'azi. Wani zai ce ai 'yar gidan mulki ce, gata ne ya ɗaga ta. Haka ne, amma ɗalibanta yawanci talakawa ne, masu kaɗi da daka, kuma ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin bayan rasuwarta.